Zuwa Ga Mas'uda, Jinin Kulsum Da Ta Ƙi Jangali

Ya sanyin idona Mas'uda, ruwan Komadugu na farkon zuwa, mai kwarjinin jan tattasan Shetimari ranar shanya! Gaisuwa gare ki daga zuciyar da ta daina jin maganar mai ita.

Kin tuna asabar ɗin da kika kai ni Gagamari gaida kakanki Grema? Na tafi da ƴan magungunana don in duba masa ƙafa, na dawo ni ne majinyaci. A ƙarƙashin rumfar nan ta gudun hijira kika durƙusa, kika kunna salularki kina ɗaukar muryarsa, kika ce, "Kaka, faɗa mini yadda aka yi, kar ya tafi tare da kai."

Ya faɗa kuwa. Yadda Nasaran Ingilishi ya turo masu ƙidayar shanu garinsu, can tsallaken kogi, aka ninka jangali a shekarar fari. Yadda aka ɗaure mazan da suka ƙi biya a rana, har da ubansa. Yadda uwarsa Kulsum ta ɗaura shi a baya yana jinjiri, ta kora garken da tsakar rana, dogarai na kallo, ta kama wutsiyar bijimi ta faɗa ruwa a lokacin cikarsa. Shanu uku ruwa ya ci, sauran ta fito da su wannan gaɓa, inda lanho, harajin Faransi, ma ke jiranta, shi ma ta sa ƙafar wando guda da shi!

Yana magana, ni ke nake kallo. Hawaye na zuba, amma kanki bai sunkuya ba. Wace giginya ce ta kai ki tsayuwa? Wace mace ce za ta koyar da ɗalibai mako guda cur, ranar hutunta kuma ta bi sansani-sansani tana tsince labarin tsofaffi kafin ƙasa ta rufe su?

Shi ya sa da takardar mai da ni aiki garin Tawa ta zo, kika ce ba za ki bar Difa ba alhali tsofaffin nan na da sauran magana, ban ji haushi ba. Na ji ciwo, wallahi na ji, kwana huɗu abinci bai yi mini daɗi ba! Amma da kin ce to, anya ke ce wadda nake so?

To ki sani, jiya na rubuta wa magabatana na wurin aiki na roƙi su bar ni a nan. Inna ta yi kuka a waya, daga baya ta tambayi sunanki, ta maimaita shi sau biyu. Ranar juma'a kawuna Sallau zai iso don ya gana da Grema. Ki taimake ni, ki ce wa Grema kin san da zuwan kawun nawa.

Naki a yau, naki ranar da furfura za ta rufe mu, ba canji ba ja da baya,

Abdullatif