Ramin Farko Ya Tona Mini Asiri

Zuwa ga ƙanena Isuhu, a Abijan.

Bayan gaisuwa mai yawa, ina lahiya, ina gajiyar aiki? Ina Rabi da yara? Mu nan Madawa lahiya lau, albasa ma ta yi kyau bana.

Na'urar wasan da ka aiko, wadda ake haɗawa da tele, ta iso. Allah shi saka, amma ka ja mini. Shekara biyu ina cika baki a gida cewa wasan ɗan tsallen nan da ke cikinta na ƙare shi a ordinatar biro, wato kwamfutar ofishinmu, har gidan sarki na ƙarshen wasan na shiga. Gaskiyar ita ce, sakatare ke bugawa, ni planto, ɗan aike, ina bayanshi da tsintsiya ina cewa "yi tsalle!"

Ran Juma'a aka kunna, gida ya taru. Na kama abin dannawa, ɗan mutumin da ke cikin wasan ya faɗa ramin farko sau bakwai. Na ce na tele daban yake da na biro, sun ƙara wa ramin faɗi. Sai ɗiyata Hadiza ta karɓa, ta ƙetare shi tana cin gujiya. Uwarta ta ce, "Malam, ita rage mata suka yi?"

Yanzu sun ba ni wata guda in nuna musu gidan sarkin. Don Allah ka tambayi masu wasan can yadda ake wucewa, ka rubuto mini dalla-dalla.

Ka gaida Rabi da duk 'yan gari, ka sa ni a addu'a. Amsar kuwa ka aiko ta biro, kada ta gida, don Hadiza ke karanta mini wasiƙu.

Yayanka,
Abdu