Muharramin Mastura

Bab Makka, Jidda
Rajab, 1394

Zuwa ga Yayata Rahamatu, a Madina.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da yara da jikoki. Ya ƙafar taki? Matata Turai na gaishe ki. Duk wanda ke karanta miki wannan takarda ya yi haƙuri da rubutuna. Kin san malaminmu ya sallame ni daga makarantar allo ne don ya huta, ba don na sauke ba.

Yaya, alheri ya same mu, kuma shi ya hana ni sakat. Makarantar horon malamai mata inda 'yarki Mastura ke koyarwa ta samu minha, wato tallafin ƙaro ilimi, na malama ɗaya. Za a kai ta Masar shekara guda ta koyo yadda ake koyar da kimiyya da hannu, ba da fatar baki kawai ba. Duk cikin malaman, mudirarsu, shugabar makarantar, Abla Bashira, ta zaɓi 'yar tela, wato 'yata. Ni shaida ne ta cancanta. Makarantar ba ta da kayan gwaji, sai ta mai da madafarmu wurin aikinta. Tukwanen matata sun yi shahada ɗaya bayan ɗaya. Ran nan na shanye wani ruwa shuɗi ina tsammanin sharbat ne, alhamdu lillahi har yau ina ɗinki.

To ga inda maganar ta tsaya. Ba a barin mace ta fita karatu sai da muharrami, ya tafi da ita, ya zauna har ta gama. Mijinta Rafi'u ya riga mu gidan gaskiya, Allah ya jiƙansa. Ni kuwa 'ya'ya mata Allah ya ba ni. Na duba gabas na duba yamma, ban ga muharrami ba sai wannan tsoho mai tumbi da ke kallona a madubin shago.

Kin san abin da ke raina. A goye Inna ta kawo ni daga ƙasar Kano, ke kina tafe a ƙasa. Tun da ta sauke ni ban sake ƙetare teku ba. Da haka aka rene mu: wanda ya iso ya iso, sai jiran ranar da za a kwantar da shi kusa da Ɗakin Allah, kamar yadda ita da Baba suke kwance a Makka. Yanzu ga tsufa, ga ciwon sukari. In ajali ya same ni a Masar, da wane ido zan kalle su? Ɗan'azumi mai shayi, maƙwabcin shagona, ya ce bai taɓa jin wanda aka kawo har ƙofa ya juya da ƙafarsa ba.

Na ce wa Mastura sai na yi shawara. Ta ce to, ta kawo mini shayi. Wallahi da ta yi mini tsawa da ya fi mini sauƙi.

Ki gaida kowa da kowa. Allah ya bar zumunci.

Ƙaninki,
Abdulghaffar Tela

Bab Makka, Jidda
Farkon Sha'aban, 1394

Yaya Rahamatu,

Sallama da gaisuwa. Ina fata zafin bana bai takura muku ba. Mu nan danshin teku ya sa ko zare sai an matse shi kafin ya shiga allura.

Ban ji daga gare ki ba, amma abin ya ƙaru. Jiya wani dattijo ya shigo shago wai a ɗinka masa riga. Ina cikin awo ya ce shi ne mijin Abla Bashira, kuma ya zo duba jikina. Na ce wane jiki? Ashe Mastura ta je ta roƙi mudira a cire sunanta a ba wata malama, wai mahaifinta na kwance, ba zai iya tafiya ba. Mutumin ya dube ni ina tsaye, ga ragowar ful da tamis, wato wake da gurasa, a gabana. Ya ce kawai matarsa ta ƙi aika wani suna, za ta riƙe gurbin zuwa ƙarshen wata, daga nan halas, shi ke nan.

Kin ji. Yarinya ta gwammace ta ce ubanta ba shi da lafiya da ta ce matsoraci ne. Bayan ya fita na yanka masa hannun dama biyu.

Na koma gida na tarar tana gyara wa ɗalibanta takardun jarrabawa, ta ɗago ta yi mini sannu da zuwa kamar ba abin da ya faru. Na kasa cin tuwo, abin da ko ranar da aka cire mini haƙori ban yi ba.

Yaya, ke ce uwa yanzu. Ki ce wani abu, ko zagi ne.

Naki,
Abdulghaffar

Bab Makka, Jidda
Ƙarshen Sha'aban, 1394

Yayata, uwata,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki gaisuwar wanda aka yi wa duka ya ce na gode. Ina fata kin tashi lafiya.

Abdulwahid direba ya kawo ƙunshinki. Na tara mutanen gida ina cewa su zo ga dabinon Madina. Na kwance, sai ga likkafani. Turai ta yi salati, ni kuwa na nemi kujera.

Ya isar da saƙonki bai rage ba, har da inda kika ce mini sakarai. Ya ce wannan naki ne, wanda kika jiƙa a zamzam kika ajiye wa kanki, in tafi da shi tun da ƙasar nake tsoron rabuwa da ita. Kuma wai in tuna A'i, ƙanwarki da ban sani ba, wadda zazzaɓi ya ɗauke a hanya kuka binne ta a gindin bishiya kafin garin Fashir. Kika ce in gaya miki ko na fi ta a wurin Allah ne. Kika ce Baba ma da ya baro gida ba wanda ya yi masa alkawarin inda zai kwanta, niyya kawai ya ɗaura, ya kama hannun 'ya'yansa.

Hawaye suka zubo mini. Da idona ya bushe sai halin tela ya motsa, na ware yadin na duba. Mai kyau ne, ba su cuce ki ba. Sai dai na mata ne, ƙyalle biyar, namiji kuwa uku ke isarsa. Na auna na ga ragowar biyun tumbi zai ci. Allah ya saka miki da hangen nesa.

Washegari na sa babbar riga na tafi makarantar. Namiji ba ya wuce ƙofa, sai na aika mai gadi ya gaya wa mudira cewa majinyacin ya warke, ga shi nan tsaye a rana. Ta aiko da godiya da ruwan sanyi. Allah ya saka wa matar nan, ta riƙe wa 'yata gurbi alhali ubanta ya saki. An buga mini fasfo, a wurin sana'a aka sa ɗan rakiya. Karatun da ban yi ba, ga shi zan je jami'a, ko da bakin ƙofa ne.

Da na gaya wa Mastura sai ta durƙusa ta riƙe ƙafata tana kuka. Na ce ta tashi, kada ta ƙara mini ciwon da ba ni da shi. Ta yi dariya hawaye na zuba, rabon da in ji wannan dariyar tun Rafi'u na da rai.

Shago na hannun Othman, mijin 'yata Luba. Jirginmu jibi bayan azahar, a can za mu ɗauki azumi. Akwatin Mastura ya cika, sai ta zuba ragowar littattafanta a nawa. Likkafanin na ƙasa, littattafan na kansa. In kin je ziyara ki sa mu a addu'a, amma ki fara da karatunta. Tawa ta biyo baya.

Allah ya haɗa fuskokinmu da alheri. Wassalam.

Ƙaninki mai godiya,
Abdulghaffar, ɗan rakiya