Birkin da Ke Gefena

Litinin, 3 ga Maris
Shekara goma sha ɗaya ina koyar da tuƙi, ban taɓa ganin jini a jikin motar makarantarmu ba sai yau. Auta ce a sitiyari, ɗalibar da nake kafa misali da ita, saura kwana tara gwajinta. Wata tifa na jan jiki a gabanmu. Ta duba madubi, ta kunna sigina, ta fita tsaf yadda na koya mata. Muna daidai tsakiyar tifar sai ga mai babur can nesa, yana tahowa. Motarmu ta turje. Gaba babu, komawa babu. Ya daki gefenmu, ƙafarsa ta karye.
Sauran ba yau ba.

Talata, 4 ga Maris
Ɗan sanda ya kai mu wurin da tef ɗinsa. Ya auna baƙin sawun taya, ya auna inda babur ya faɗi. Ya ce da ta ci gaba da ba mota wuta, da ta koma layinta har da sauran fili.
"Wa ke taka birki yana tsakiyar wuce mota?"
"Ban tuna na taka ba, Yallaɓai," in ji Auta.
"Duk haka kuke cewa."
Ni kuwa takalmina nake kallo.

Laraba, 5 ga Maris
Ni na taka. Motar koyo birki biyu gare ta, ɗaya a gefena. Na hango babur, ƙafata ta riga hankalina.

Alhamis, 6 ga Maris
Mai makaranta ya kira ni ofis, ya tura ƙofa. Wai kuskure ai aikin ɗalibi ne, in kuwa na malami ne, takardar koyarwa ta tafi. Sai ya yi dariya: "Kai da ko a kan tabarma birki kake takawa." Na taya shi dariya. Ya sani ne? Ko wasa ne kawai?
Maman yara ta tambayi abin da ya hana ni cin abinci. Na ce ulsa.

Asabar, 8 ga Maris
Saƙon Auta: "Malam, ka yafe min, na ba ka kunya. Baba ya ce tuƙi ya ƙare. Ni ma ba na so."
Yarinyar da wata uku muka yi kafin ta daina rufe ido in babbar mota ta taho! Yanzu ta yarda ita ta taka. Na karanta ya fi sau ashirin, ban amsa ba.

Lahadi, 9 ga Maris
Na je asibiti. Mai babur, ƙafa a rataye, har da tsokana: "Malam, ɗalibarka ta ba ni hutun dole." Can ya ce, "Ni fa ko rage gudu ban yi ba, na ga ta kusa wucewa. Me ya tsayar da ita?"
Na ce Allah ya ba shi lafiya, na fito kamar an koro ni.

Litinin, 10 ga Maris
Sau uku ina wuce ƙofar ofishin 'yan sanda kafin na shiga. Na gaya wa ɗan sandan nan ni na taka birkin; ya saurara, ya yaga takardar rahoton farko, ya jawo sabuwa. "Da ma na yi mamaki. Mai koyo ba ya taka birki da ƙarfi haka." An karɓi takardata ta koyarwa sai kwamitin bincike ya zauna. Tsoron bai tafi ba, ya dai koma wani wuri.
Daga nan na wuce gidan su Auta in faɗi gaskiya. Babanta bai amsa sallamata ba, amma ya ji ni har ƙarshe.

Juma'a, 21 ga Maris
Kwamiti shiru. Auta ta zo da motar yayanta, wai in raka ta zagaye kafin sabon gwaji. Motar gida ce, gefena ba komai sai shimfiɗar roba. Muka tarar da wata tirela. Ta duba madubi, ta dube ni. Na ce, "Ke ke ganin hanya."
Ta wuce.
Ina jin ƙafata ba ta motsa ba. Ban dai duba ba.