Saniyar Kaka Nomau

Asabar, 6 Oktoba 1984
Gero bai yi ba. Abin da muka samu a gona jaki ɗaya ya kwaso shi, ko nishi bai yi ba.
Baffa Barmo, wan mahaifina, ya kira ni zaurensa bayan la'asar. Ya ce tsofaffi na ta tafiya, shekarar nan kuma ba ta da alamar rage saura. Tunda ni ne mushen lakol a gidan, wato malamin makarantar boko, in rubuta asalinmu tun ana samun mai faɗa. Har yadda zan fara ya gaya mini: ubansu, Kaka Nomau, ɗan sarautar Gobir ne daga Tibiri, aka yi masa ƙwace, ya yi zuciya ya taho Agiye da mashinsa. Ya warware wani tsohon ƙyalle ya nuna mini sandar mashin. Kan, in ji shi, a ƙirjin wani Bafillace ya karye. Na ji daɗi, ba zan ɓoye ba.

Laraba, 17 Oktoba
Na kira tsofaffin unguwa. Ba mai tuna komai sai an dama fura. Wani ya ce Kaka da doki ya zo, wani ya ce da raƙumi. Na ƙarshen sai da ya suɗe ƙwarya ya ce ai shi ya zaci Nomau na Gangara ake nufi. Maiɗakina Habi ta ce in tarihin nan ya ƙara wata guda, mu ma mun zama tarihi.

Litinin, 12 Nuwamba
Hanyar lakol duk mushen shanu. Yara na cewa "Mushe, ina kwana," ni ina waigawa in ga da wa suke.

Juma'a, 23 Nuwamba
Na dawo masallaci na tarar da baƙi a ƙofar gida: wani tsohon Bafillace, Jaye, da matarsa Dija, da saniya guda. Sunanta Fure. Ban taɓa ganin furen da ake ƙirga haƙarƙarinsa daga nesa ba.
Ya ce a kasuwar Gangara ya ji labarin wani mushe na neman asalin Nomau, shi ne ya kawo mini. Wai a yunwar Kakalaba kakansu ya rasa garke, ya bar babban ɗansa Dikko a hannun wani manomi a Tibiri don kada ya mutu a hanya. Manomin ya sa aka yi wa yaron zanen Gobir a fuska, ya sa masa Nomau. Shi Jaye ɗan ƙanen Dikko ne. Akwai karsanar da aka ba Dikko ran sunansa, ita ce ba ta mutu ba, kuma tun daga nan zuriyarta a ware suke kiwonta, suna jiran mai ita.
Na tambaye shi ina sauran shanun. Ya nuna arewa da haɓa, sannan ya dafa saniyar.
"Wannan ne ya rage, ɗana. Naka ne."
Habi ta ja ni zaure. Ta ce shekara saba'in ana shan nono ba a tuna da mu ba, sai yau da gadon ke neman abinci. Na ce su kwana a rumfar baya, gobe a gani.

Lahadi, 25 Nuwamba
Baffa Barmo ya zo da sandar mashi don ya kunyata baƙon. Jaye ya karɓa, ya shafa, ya gicciya ta a wuya ya rataya hannuwa biyu a kai. Ta zauna daram. Ya ce sandar kiwo ce mai kyau, yanzu ba a samun irin iccen.
Baffa ya ƙwace abinsa. Ya ce in na rubuta maganar nan, kada in zo jana'izarsa.

Alhamis, 27 Disamba
Hutun lakol. Na hau mota zuwa Cadakori wajen Goggo Tala, ƙanwar su Baffa. Na same ta tana tsame 'ya'yan anza, icen dajin nan mai ɗaci, daga ruwa, abin da suke ci ke nan yanzu. Da na karanta mata shafin ɗan sarki, dariya ta yi har da tari.
"Barmo ne ya naɗa shi. Ni dai da na yi jinyar Baba, makonsa na ƙarshe ba Hausa a bakinsa. Da Fillanci yake kiran uwarsa."
Na ce me ya hana ta faɗa. Ta ce wa ya tambaye ta? Ta ce manomin Tibirin, Jibo, shi ma a lokacin anza yake ci, amma ya karɓi yaron. In ina neman abin alfahari in rubuta wannan. Sannan ta tambaye ni me nake ba baƙin. Na ce jar dawar taimako. Ta ce saniyar fa? Na hau tattara takarduna.
Duk hanyar dawowa ina taɓa hancina. Dogo ne, ba yau na sani ba.

Asabar, 9 Fabrairu 1985
Fure ta cinye zanar makewayi. Ta cinye tabarmar Habi. Yau na bar takardun tarihin a kan turmi na shiga alwala, na fito na tarar ta gama da Tibiri gaba ɗaya, tana shirin shiga Agiye. Jaye ya ce in yi haƙuri, ba ta iya karatu ba.

Talata, 19 Maris
Mahauci ya zo ya duba Fure, ya ce fatar kawai zai iya tayawa. Habi ta ce a sayar, ko banza a huta. Buhun dawa ya kusa ƙasa, bakuna sun ƙaru da biyu, gaskiyarta.
Na je rumfa in gaya wa Jaye. Na same shi ya raba tuwonsa, yana tura wa saniyar rabi a baki, Dija na yi kamar ba ta gani ba. Na tambaye su ya zafi, na dawo.
Na ce wa Habi mahaucin ya fasa. Ta ce ita ma ta ji lokacin da na kore shi.

Lahadi, 28 Afrilu
Yanzu Fure ba ta iya tashi da kanta, sai an ɗaga. Yau da safe ni da Jaye da Habi da Dija muka yi ta fama, ta ƙi. Sai ga Baffa Barmo, wanda rabonsa da gidan tun ranar sanda. Ya tsaya a bakin zaure ya ce shi wucewa yake, ba ruwansa da dabbar mutane. Ya kalle mu, ya kalle mu, ya ce haka ake ɗaga saniya? Ya tuɓe riga, ya sa aka zura igiya ta ƙarƙashin ciki, shi ya kama wutsiya. Ta miƙe.
Jaye ya ce masa hannun nan ba a lakol aka koye shi ba. Baffa ya ce sarakunan Gobir ma suna da shanu. Da yamma ya aiko da dusa, ya ce ta akuyarsa ce ta yi yawa. Akuyar da aka yanka tun bara.

Litinin, 24 Yuni
Ruwa. Habi ta fitar da duk tukwanen gidan. Fure na tsaye a tsakar gida tana jiƙewa, an rasa mai korar ta.

Asabar, 13 Yuli
Baffa Jaye da Inna Dija sun tafi arewa neman 'ya'yansu da fari ya watsa. Na ce su tafi da Fure, Baffa Jaye ya ce ba a mayar da gado. Habi ta ƙulla musu gari, ta shige ɗaki, wai hayaƙi ne ya shiga idonta.
Na sake rubuta tarihin daga farko. Na kai wa Baffa Barmo, ya ce idonsa ba ya gani. Na karanta masa. Da na kai kan Jibo ya ce in ƙara cewa dattijon kirki ne. Sauran bai ce a cire ba.

Alhamis, 18 Yuli
Fure ta tsinke igiya ta shiga gonar maƙwabcinmu Na'Allah, ta share masa kunya biyu na sabon tsiro. Ya biyo ta har gida yana kumfar baki.
"Ku Filani halinku ke nan! Ba ku san wahalar mai gona ba!"
Na ba shi haƙuri, na ce zan sake masa shuka. Na kuma ce ya daina yi mana kuɗin goro, ba dukanmu muke haka ba.
Sai da ya tafi na ga Habi ta dafa bango tana dariya. Zan gyara masa maganar in mun haɗu. Ba gaggawa. Yanzu dai igiya zan nema mai ƙwari.