Na Ƙone Littafin Ɗana Yana Kwance A Asibiti

Hajiya Batul, don Allah ki taimake ni, abin ya fi ƙarfina.

'Ya'yana huɗu, kuma ban yi musu tarbiyyar sakaci ba. Babban cikinsu, Aƙilu, shekararsa ashirin da shida. Ya gama karatu, amma maimakon ya zauna a shagon babansa a Kasuwar Gombe, sai yawon kufai. Yau Gombe Abba, gobe ganuwar Kano, jibi rijiyar Kusugu a Daura. Sai ya zauna gaban tsofaffi yana rubuta abin da suka faɗa a wani ƙaton littafi mai baƙin bango, yana zana ƙofofi da rusassun katangu. Shekara biyar ke nan. Bakina har ya gaji da gaya masa cewa inda mutane suka tashi suka bari ba wurin zuwan ɗan kirki ba ne.

Bayan ƙaramar salla motarsu ta kife a hanyar dawowa daga Zariya. Aka yanke masa ƙafar hagu daga gwiwa. Abokin tafiyarsa, Matiyu, ya kawo mini jakar Aƙilu. Na buɗe, ga littafin nan ko yagewa bai yi ba, ɗana kuwa babu ƙafa. Na cusa shi a murhu, na tsaya a kai har ya zama toka.

Yanzu an sallamo shi. Ba ya cin abincin kirki, ba ya hira, sai tambayar littafin. Wai tunda yawo ya ƙare, zai zauna ya tsara abin da ya tara, don biyu daga tsofaffin sun riga sun rasu. Na ce masa ya ɓace a wurin haɗarin. Ni da nake dukan yaro a kan ƙarya! Matiyu yana Billiri yana jinyar hannunsa, ranar Asabar zai zo duba shi. In roƙe shi ya rufa mini asiri ne? Ai dai yawon nan ne ya jawo mana wannan masifa, ko ba haka ba?

Uwar Aƙilu, daga unguwar Hammadu Kafi

Amsa:

'Yar'uwa, Allah ya ba Aƙilu lafiya. Na fahimci zafin da ya kai hannunki murhu. Uwar da ta ga an yanke ƙafar ɗanta ba ta cikin hayyacinta. Amma littafi bai kifar da mota ba. Kullum masu zuwa fatauci da biki suna haɗari a hanyoyinmu. Sanin tarihin garuruwanmu kuwa ilimi ne.

Kada ki ɗora wa Matiyu ƙaryarki. Shi ma majinyaci ne, kuma ranar da gaskiya ta fito Aƙilu zai rasa uwa da aboki lokaci guda. Ki gaya wa Aƙilu da bakinki kafin Asabar, babansa yana zaune. Ki ce kin ƙone littafin, kin yi ƙarya, ki nemi yafiyarsa, sannan ki yi shiru. Kada ki haɗa da wa'azi ko kalma ɗaya. Zai yiwu ya daɗe bai kalle ki ba. Ki jure, ki ci gaba da kai masa abinci.

Abin da ya ƙone ba zai dawo duka ba. Idan ya huce, ki nemi mota ki kai shi wurin tsofaffin da suka rage, ki zauna ki ji abin da suke gaya masa.

Allah ya ƙarfafa zuciyarki, ya sanyaya tasa.