Ba a Ba Mai Zawo Ruwa

Litinin, 2 ga Afrilu, 1979
Tankar ruwa ba ta zo ba yau ma. Tun da aka taso mu daga bakin gulbi aka zube mu kan wannan fako, aikinmu ya koma sauraren ƙugin mota. Ga ruwan dam can yana ƙyalli, ya haɗiye fadamar ubana, amma na sawa a randa sai an ba hammata iska. Matata Suwaiba ta ɗebo na ramin da masu aikin hanya suka haƙa. Kamar kunun kanwa. Mun sha, ya za mu yi.

Laraba, 4 ga Afrilu
Yaron ya fara zawo. Tun da aka yaye shi yana ɗakin Inna, uwata. Ɗanmu ne na fari, ni da Suwaiba ba mu da bakin magana a kansa. Ko kallonsa na cika yi sai a ce Labaran ba ya da kunya.

Alhamis, 5 ga Afrilu
Na dawo daga aikin haƙar kanal, hanyar ruwan dam, wajen Bakura, maƙogwarona kamar an zuba toka. Ina cikin kwankwaɗar ruwa na ga yaron ya rarrafo yana miƙo hannu. Inna ta sure shi, ta kife moɗa. "Ba a ba mai zawo ruwa, ruwa ka ƙara shi. Bari cikin shi bushe." Jiƙon bagaruwa ta ɗiga masa, ɗan cokali. Suwaiba ta juya baya tana niƙa, alhali babu komai kan dutsen. Ni kuwa na shanye nawa a gabansa, kamar jaki.

Juma'a, 6 ga Afrilu
Yana kuka, ba hawaye.

Asabar, 7 ga Afrilu
Na tsaya wajen malamin asibitin ma'aikata. Ya ce abin da ke fita ruwan jiki ne, in ba a mayar ba yaro bushewa yake yi. A tafasa ruwa, a sa sukari da ɗan gishiri kaɗan, a riƙa ba shi da sannu ko da yana amai. In ido ya faɗa, fitsari ya ɗauke, a kawo shi da gudu. Ya tambaye ni ɗan wane ne. Na ce ɗan maƙwabci. Ko a can kunyar ta bi ni, Allah wadan ta.

Na gaya wa Inna, ina durƙushe, ina ta kewaye-kewaye. Ta dube ni sama da ƙasa. "Ni nih haihe ka, yau kai ka koya min riƙon ɗiya? Duk unguwag ga wa ka kiran wata in ba ni ba?" Gaskiya ne, ita ake kira. Kuma tana son yaron nan fiye da ranta, kwana take da shi a ƙirji. Abin da ya ɗaure ni ke nan.

Lahadi, 8 ga Afrilu
Inna na sallar la'asar Suwaiba ta tsoma bakin zanenta a randa ta matsa masa. Ta ce ya kama zanen da baki ya ƙi saki. Daga baya ya yi amai, Inna ta gane, ta ce kun gani ko. Ta ɗauke randar ta kai ƙuryar ɗaki. Tun jiya bai yi fitsari ba. Idonsa ya shige ciki.

Talata, 10 ga Afrilu
Sai yau aka samu motar kasuwa zuwa Mafara. Ba mu kai da shi da rai ba. Inna ta miƙo mini shi a hanya don ta gyara zama, ran da na fara ɗaukarsa ke nan. Ba nauyi ko kaɗan, kamar busasshen zunguru. A asibiti malamin can ya ɗan ja fatar cikinsa, ta tsaya a tattare. Bai yi mana faɗa ba. Ya ce ƙishirwa ce ta ƙarasa shi. Gara da ya zage ni.

Alhamis, 12 ga Afrilu
Masu gaisuwa suna ta cewa kwana ne ya ƙare. Na sani. Amma ruwan da aka yi masa wanka da shi daga randar Inna aka ɗebo, cike take. Zuciyata ta ƙi barin wannan maganar. Suwaiba kuwa tuwo kawai take aje mini ta fita.

Litinin, 23 ga Afrilu
Marka matar maƙwabcina Bawa ta yi sallama da hantsi, a rikice. 'Yarta ta kwana zawo, Inna take nema. Ina bakin zaure. Na ce Inna ta tafi Dosara, ba ta dawowa yau. Ban san inda maganar ta fito ba, ban taɓa ƙarya a kan uwata ba. Na ce wa Suwaiba ta ɗora ruwa a wuta ta bi Marka da shi. Ba wani abu ba ne, taimakon maƙwabtaka ne.

Inna na cikin ɗaki, asabari kaɗai ke tsakaninmu. Na ji carbinta ya tsaya. Na jira ta ƙaryata ni. Ba ta fito ba.