Yayana zai sayar da bakin tabkin Inna

Assalamu alaikum 'yan wannan gida. Admin, a ɓoye sunana, akwai 'yan garinmu da yawa a nan kuma ba na son magana ta riga ni isa tsakar gida. Don Allah ku ba ni shawara, raina ya gama ɓaci, in ban amayar da abin nan ba, zan yi wa wani rashin mutuncin da za a daɗe ana labari.

Ni mace ce, mijina ya rasu, na dawo gidanmu da 'ya'yana a wani ƙauye kusa da Matamaye, ta hanyar Dungu. Mu biyu ne wurin Innarmu, ni da yayana, bari in kira shi Yaya Lawali duk da ba sunansa ba ke nan. Baba ya rasu ya bar mana gonar gero a tudu, da wani fili a bakin tabki, kuma har yau ba a raba gado ba. Filin tabkin ne ya jawo fitinar. Da damina ruwa yake shanye shi kakaf, ba ka ganin komai sai bado da tsuntsaye. In kaka ta wuce ruwan ya fara ja da baya, sai ya riƙa barin baƙar laka mai danshi, to ita muke bi. Ya ja kaɗan mu dasa dankali, ya ƙara ja mu sa tumatir da kabewa da barkono, haka har bazara, sai mu tona 'yan rijiyoyi mu riƙa ban ruwa da bokiti. A zamanin Baba ba a noma wurin, jakuna ake ɗaurewa. Inna ce ta fara bayan rasuwarsa, da hannunta ta tuge ƙayar da ke wurin.

Shi kuwa Yaya tun yana saurayi ɗan cin rani ne. Da an kai damman gero rumbu sai ya saɓi jaka sai Kano, yana da teburin shayi a can, ba ya dawowa sai an yi ruwan shuka. Kun ga ke nan duk lokacin da yake gida filin yana ƙarƙashin ruwa, duk lokacin da filin yake kore shar shi yana Kano. Ko Sallah ta kawo shi da rani, daga masallaci sai fada wurin abokai, bai taɓa taka ƙafa bakin tabki ba, wai wurin mata ne. Ya san Inna tana ɗan shuke-shuke, amma a wurinsa wasan tsofaffi ne, abin rage zaman banza.

Ban ce ba ya aike ba, yana yi, Allah ya gani. Amma tun da naira ta lalace, in aka canja ta zuwa sefa abin da ke isowa hannunmu ba ya kai mu ko'ina, geron rumbu kuma kafin tsakiyar rani ya ƙare. Dankalin nan da tumatirin da muke kaiwa kasuwar Matamaye su ne ke riƙe da gidan, su ne sabulu, su ne magani, su ne takalman zuwa lakwal, wato makaranta, na 'ya'yansa shi kansa. Amma duk ranar da ya kira a salula sai ka ji Inna tana cewa alhamdulillahi saƙo ya iso, ya ishe mu har ya yi saura, Allah ya yi albarka. Ta hana kowa gaya masa gaskiya. Dalilinta wai akwai ɗan maƙwabciyarmu da aka taɓa yi wa gori a gaban mutane cewa bai iya ciyar da gida ba, ya koma Legas, har uwarsa ta mutu bai sake waiwayo garin ba. Tsoron Inna ke nan, ɗanta namiji ɗaya tak.

To bana da tabki ya cika ya batse, sai ga dillali ya kawo wani Alhaji ɗan kasuwa daga Damagaram a mota. Ya zagaya, ya ɗauki hotuna, wurin ya ba shi sha'awa. Wai zai zagaye da waya, ya gina bukkoki, ya jera kujeru, ya kawo ƙananan kwale-kwale, masu hali su riƙa zuwa shan iska ƙarshen mako. Har ya saye na maƙwabtanmu biyu, namu ne a tsakiya. Yaya ya amsa masa nan take, ko uffan bai ce mana ba. Ni sai da na je ɗebo ruwa na tarar an kafa turakun ƙarfe masu jan fenti a iyakarmu, na tambaya aka ce ai yayanki ya sayar. Wallahi a wurin na ajiye tulu, ban san yadda na iso gida ba.

Na same shi na tambaye shi da izinin wa. Ya ce shi ne babba, kuma filin banza ne, ba abin da yake haifarwa sai sauro da kwaɗi, ga wanda Allah ya kawo zai saya ni kuma ina neman yi masa baƙin ciki. Ya ce ya gaji da kwana kan benci a Kano, babur zai saya ya riƙa kabu-kabu tsakanin Matamaye da ƙauyuka, ya zauna kusa da Inna tun da ta tsufa. Wannan ban ga laifinsa ba, har ya ɗan ba ni tausayi. Amma da na ce masa Inna fa tana noma wurin, sai ya yi dariya, ya ce zai saya mata bokitai ta shuka tumatirinta a bayan ɗaki. Na ce masa bai san abin da yake faɗa ba, sai ya harzuƙa, ya ce na dawo gida da garken 'ya'ya, guminsa muke ci rani da damina, amma har na samu bakin ja da shi. Guminsa! Ni da nake tashi tun asuba ina jan bokiti har tafin hannuna ya yi kanta, 'ya'yansa suna cin dankalin da na dasa, ni ake yi wa gorin abinci. Na buɗe baki zan zazzage masa komai, sai Inna ta take mini ƙafa, ta zuba mini ido. Dole na haɗiye maganar.

Abin da ya ƙara ƙona mini rai matarsa Zuwaira. Tana wurin, a kan kanta ake ɗora kwandon tumatir ranar kasuwa, ta san komai tas, amma ta sunkuyar da kai tana tsince shinkafa kamar kurma. Da na tare ta daga baya ta ce ita ba ta shiga tsakanin 'yan'uwa, ita dai mijinta ya zauna gida. To madalla, ya zauna gida, sai mu ga ko babur za ta riƙa dafa wa yaranta in rumbu ya ƙare. Tun ranar faɗan nan ba ma gaisawa da Yaya. In na shigo ya fita, in na dafa ba ya ci, ya hana 'ya'yansa shiga ɗakina, ya kuma bi gari yana cewa ƙanwarsa ta zama annoba, tana son ya mutu a bariki.

Yanzu ga inda magana ta tsaya. Mai gari ya ce ba zai shaida cinikin ba sai duk magada sun zo gaban dattawa sun faɗa da bakinsu sun yarda, an sa Juma'a mai zuwa bayan an sauko masallaci. Na je na same shi a asirce, ya ce ya san komai, ai matarsa a wurinmu take sayen barkono, amma ba zai ari bakinmu ya yi magana ba. In na ce ban yarda ba kawai, raba gado za a yi, Yaya ya ɗauki kasonsa mafi girma ya sayar, mu a bar mana ɗan zirin da waya za ta tare wa hanyar ruwa. Sai dai in na faɗa a fili cewa filin nan ne ke ciyar da gidan, ba aiken Kano ba, to nan dattawa za su taka masa burki. Ke nan sai na tsaya gaban maza na kunyata yayana. Ko in ce ya zo ya gani da idonsa, ba abin nunawa, komai yana ƙarƙashin ruwa, Alhajin kuma ya matsa a gama kafin ruwa ya ja.

Na roƙi Inna ta bari ko a ɗaki in gaya masa, daga ni sai shi, ta ƙi. Na yi kuka, na yi faɗa, na ce mata ita ta jawo mana wannan da alhamdulillahinta na ƙarya, Allah ya yafe mini wannan kalma. Ba ta yi fushi ba, ta ce gara ta rasa filin da ta rasa ɗanta, kuma in na buɗe baki gaban mai gari ba ta yafe mini nonon da na sha ba.

Masu shirin rubuta mini in yi haƙuri, ku riƙe abinku, haƙurin ne ya kawo mu nan. Masu cewa mace ba ta ja da yayanta, ku fara gaya mini abin da za mu ci in rani ya tsaya. Shawara nake nema ta gaske, in yi magana ranar Juma'a ko in yi shiru? Don wannan Innar da ta ce in bari a sayar, akwai yaɗon dankalin da take ajiyewa don dashe a bayan ɗakinta, ta lulluɓe shi da jiƙaƙƙen buhu. Yau da safe ma na gan ta durƙushe tana ba shi ruwa, da ta ji motsina sai ta yi sauri ta ja buhun ta rufe. Ku gaya mini don Allah, bakinta zan bi ko abin da hannunta yake yi?